Malam Kashe-T da Koren Layin Liti

Akwai wani malamin lissafi da ake kira Malam Zulkifilu, ɗan asalin Kwanyawa ta ƙasar Karaye, wanda aiki ya kai shi wata makarantar sakandare a Rogo. Gaskiya dai a faɗe ta, mutumin nan ya san lissafi. Idan ya ɗauki alli ya juya wa aji baya, kafin ɗalibi ya gama fiƙe fensir shi har ya cika allo ya karkaɗe hannunsa.

Matsalarsa ɗaya ce, amma babba ce. A ganinsa duk wanda bai kai shi saurin fahimta ba jaki ne, ko da ya girme shi. Ba ya jira mutum ya kai ƙarshen magana. Kana fara faɗa ya riga ya san inda za ka, ya yanke maka hukunci, ya wuce abinsa.

Mutum ɗaya ne yake sanyaya masa rai a duniya, ƙanensa Hamma. Tun rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe shi, kuma da aiki ya kawo shi Rogo tare suka taho. Hamma bai yi nisa a boko ba, acaɓa yake yi da babur ɗin wani ɗan kasuwa mai suna Kabir, wanda yake da babura da dama yana ba matasa suna nema. Da wani ne ya bar makaranta, da Malam ya zage shi tas. Amma da yake Hamma ne, sai ya ce ai kowa da inda abincinsa yake.

Ɗalibai sun sa masa suna Malam Kashe-T, kuma ga dalili.

A lissafin manyan aji akwai wani darasi na zana layi mai lanƙwasa a takardar giraf. A ce tururuwa ce take tafiya a kan allo. Harafin x yana faɗin nisan da ta yi zuwa dama, y yana faɗin nisan da ta yi zuwa sama, sai harafi na uku, t, shi ne lokaci. Kowane lokaci da inda tururuwar take. Hanyar da littafi ya koyar ita ce ka yi tebur, ka ɗauki t ɗaya bayan ɗaya, ka nemo x da y ɗinsa, ka ɗiga ɗigo. In ka gama ka haɗa ɗigogin, sannan ka sa 'yan kibiyoyi a jikin layin don a san daga ina tafiyar ta fara da inda ta nufa.

Malam Zulkifilu ya tsani wannan hanya. Cewa yake aikin ragwaye ne masu ƙirga da yatsu. Shi sai ya haɗa lissafin x da na y ya fitar da t daga ciki gaba ɗaya, ya bar x da y kaɗai, ya ja layinsa da hannu ɗaya. Kullum maganarsa ita ce, "Ku kashe t, ku huta."

Wata rana ya zana hanyoyin tururuwa biyu a allo, layin ɗaya ya gitta na ɗayar. Wata ɗaliba mai suna Ikilima ta ɗaga hannu.

"Malam, to in an kashe t, yaya za a yi a san ko karo suka yi, ko ɗaya ta riga ɗaya wucewa?"

Wallahi tambaya ce mai kyau, kuma duk makarantar babu wanda ya fi shi sanin haka. Amma ajin ya yi tsit, yara suna kallonsa, sai ya ji kamar gyara aka yi masa. Ya ce ta fito. Ya ce tunda ta fi shi sani gobe ita za ta zo da alli. Ya zuba mata dorina a tafin hannu har sai da hannun ya kumbura, ta kasa riƙe biro ranar. Daga nan babu wanda ya ƙara tambayarsa komai a kan t.

Cikin waɗanda dorinar nan ta kora daga makaranta tun shekarun baya akwai wani mai suna Liti. Liti yana da i'ina mai tsanani. In aka matsa masa, kalma ɗaya sai ta maƙale masa a wuya ya yi ta kokawa da ita. Malam ba shi da haƙurin wannan, kafin Liti ya fito da amsa bulala ta sauka. Da abin ya ishe shi ya daina zuwa.

Yanzu Liti ya zama magidanci, yana da mata, Rekiya, da 'yarsu ƙarama da ba ta fara tafiya ba. Shi ma babur ɗin Kabir yake ja, tasharsu ɗaya da Hamma. Abin da yake ba ni mamaki, duk inda ya hangi Malam sai ya kashe babur ya sauko ya gaishe shi. Malam kuwa da ka yake amsawa, wani lokaci ma ba ya amsawa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Rogo ce, a ƙarshen damina, dawa ta yi tsayi ta rufe gefen hanyoyi. Bayan azahar wasu mutum biyu suka tare Hamma suka ce ya kai su wajen ƙauyen Jajaye. Da suka iso wata kwalbati inda gonaki suka yi duhu, na baya ya zaro adda daga cikin riga. Suka sare shi a ka, suka sare shi a kafaɗa, suka tura shi cikin kwata suka tafi da babur.

Wajen la'asar aka kira Malam a waya. Ko takalmi bai sa daidai ba ya isa asibiti. Ya tarar da Hamma kwance, an naɗe masa kai, jini ya rine bandejin, bai san inda yake ba. Likita ya ce ya zubar da jini da yawa, a yi ta addu'a. Malam ya riƙe ƙafar ƙanensa ya ji ta yi sanyi, sai wani irin baƙin ciki ya taso masa har yana ganin duhu-duhu.

Bai tambayi wanda ya kawo shi asibiti ba. A waje an riga an ce wani direban motar hatsi ne ya tsince shi, kowa ya karɓa a haka, shi ma ya karɓa.

Ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar asibiti 'yan acaɓa sun cika maƙil. Ba wannan ne karo na farko da aka sari ɗan uwansu aka ƙwace babur ba a daminar nan, kuma ba a taɓa kama kowa ba. Shugabansu, wani dattijon ƙato mai suna Sulle, yana ta cewa lallai da ɗan gari a ciki, domin baƙo bai san kwalbatin nan ba.

Ana cikin haka Kabir ya iso da wayarsa a hannu. Ya ce akwai wata na'ura da aka saka masa a kowane babur a Kano, mai nuna inda babur ya bi. Ya ce shi bai gama iya aiki da ita ba, amma ga abin da ta nuna na yau. Malam ya fizge wayar.

Taswira ce, da layuka masu launi daban-daban, kowane babur da nasa. A cikin gari layukan sun cakuɗe kamar taliya, ba ka gane na wane da na wane. Amma a hanyar Jajaye guda biyu ne kawai. Ja, na Hamma, ya tafi har kwalbatin, ya karkata cikin daji, ya ɗan yi nisa ya yanke, alamar ɓarayin sun cire na'urar. Sai kore, ya bi hanya ɗaya, ya kai daidai kwalbatin nan, ya gitta jan layin, ya juyo gari.

Malam ya tambayi koren na wane ne. Kabir ya duba ya ce na Liti ne.

Nan take Malam ya gama lissafinsa. Ya ɗaga wayar sama ya nuna wa jama'a da yatsa, kamar yana gaban aji. Ya ce ga layin Hamma, ga na Liti, ga inda suka haɗu, kuma wurin da suka haɗu shi ne wurin da aka yi sara. Ya ce mutumin da zai je Jajaye ai Jajaye zai isa, me ya tsayar da shi a kwalbati ya juyo? Shi ya bi su a baya, ya tabbatar an gama aiki, ya dawo.

Sulle, duk da zafinsa, sai da ya ɗan ja baya. Ya ce, "Malam, ka tabbata kuwa? Liti fa yaron kirki ne."

"Ni kake tambaya ko na tabbata? Wannan giraf ne, Sulle. Shi nake ci, shi nake sha. Mutum zai yi maka ƙarya, lissafi ba ya yi."

Kabir ya fara cewa ko a bari a kira wanda ya saka na'urar ya yi bayani. Malam ya ce masa in bai iya karanta wayarsa ba ya yi shiru waɗanda suka iya su karanta masa.

Babura suka tashi gaba ɗaya. Malam ya hau bayan Sulle, wayar tana hannunsa.

A bayan tasha suka sami Liti, wurin da ake wankin babura. Liti yana tsugune da bokiti da soso yana goge kujerar babur ɗinsa. Ruwan da yake gangarowa ƙasa ja ne. Rigarsa tana jiƙe a cikin wani bokitin, ita ma ruwanta ja. Wanda yake da sauran shakka a zuciyarsa, ganin wannan ya kore ta.

Liti ya miƙe, ya ga taro, ya ga Malam a gaba. Ya sunkuya zai gaishe shi kamar yadda ya saba. Malam ya ɗauke shi da mari, marin da sai da ya faɗa kan babur.

Sulle ya shaƙe Liti ya ɗaga, ya tambaye shi jinin wane ne wannan, kuma ina babur ɗin Hamma. Liti ya buɗe baki. Tsoro ya haɗu da i'ina, jijiyoyin wuyansa suka tashi, idonsa ya firfito, kalmar ta ƙi fita.

"Ni... ni... ni na ɗau... ɗau... ɗauko shi..."

Wani daga baya ya ce, "Kun ji, ya amsa. Shi ya ɗauke shi."

Ba su bar shi ya ƙara ko harafi ɗaya ba. Gora ta sauka a gadon bayansa. Wani ya kawo sarƙar babur, wani ya ciro katako daga rumfar mai shayi. Ya faɗi, suka bi shi da ƙafa. Yana kare kansa da hannu suna dukan hannun, har aka ji ƙarar karyewar ƙashi. 'Yan kasuwa da ba su san ko me ya faru ba, jin an ce ɓarawon babur, suka taho da duwatsu. Waɗanda suke dukansa, da yawansu da safen nan tare suka sha koko da shi.

Malam ya koma gefe yana haki. Ba zan yi masa ƙarya ba, a lokacin daɗi yake ji. Wani dattijo ya ratso yana tambayar wace shaida aka samu a kan yaron nan. Malam ya ɗaga wayar zai nuna masa, sai babban yatsansa ya taɓa wata 'yar alama a ƙasan taswirar.

Layukan suka ɓace. Wasu ɗigogi suka fito, kowanne da launinsa, suka fara motsi. A saman wayar agogo ya bayyana yana gudu.

Malam ya tsaya kallo. Jan ɗigo ya fita daga gari bayan azahar, ya kai kwalbati, ya tsaya kaɗan, ya shige daji ya ɓace. Duk wannan lokacin koren ɗigo yana cikin kasuwa, yana kai da kawowa tsakanin 'yan gyaɗa da tasha. Agogo ya yi ta tafiya, hanyar Jajaye babu kowa. Sai can da daɗewa kore ya fito. Ya wuce kwalbatin kaɗan, ya tsaya, ya dawo baya. Ya jima a wurin. Sannan ya juyo gari a guje, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar asibiti. Daga nan ya taho wurin wankin nan.

Ba ya buƙatar kowa ya yi masa bayani. Layukan sun gitta juna, amma baburan ba su taɓa haɗuwa ba. Ya karanta hanya ya bar lokaci, bai duba inda tafiyar ta nufa ba. Kuma abin da Liti ya ce ya ɗauko ba babur ba ne, Hamma ne.

Ya fara cewa a tsaya, muryarsa ba ta fita. Ya ƙara da ƙarfi, ya kutsa cikin taron yana ɗaga wayar, yana cewa kuskure ne, ba shi ba ne, shi ya kai Hamma asibiti. Babu mai jinsa. Ya riƙe hannun Sulle, Sulle ya fizge, idonsa jajir.

"Malam, kai ka ce lissafi ba ya ƙarya. Tausayi ne ya kama ka yanzu? Matsa."

Wani yana kiran a kawo taya da fetur. Malam ya rasa abin yi, sai ya faɗa kan Liti ya rufe shi da jikinsa. Dukan bai tsaya ba. Gora ta same shi a haƙarƙari, dutse ya fasa masa baki, haƙoransa na gaba suka zube. Yana kwance yana ihu yana cewa su kalli agogon, su kalli agogon, mutanen da ke bayan taro ba su ma san wane ne yake magana ba. Jiniyar motar 'yan sanda ce ta watsa su.

Asibitin da Liti ya kai Hamma, nan aka kai shi. Ma'aikaciyar da ta karɓe shi tana ganin fuskarsa ta dafe ƙirji, ta ce ai wannan ne ya kawo mai saran ɗazu, ya ɗaure shi a bayansa da igiyar kaya. Ta ce sun ce ya tsaya a rubuta sunansa, ya yi ta ƙoƙarin magana ya kasa, da ya ji an ambaci 'yan sanda sai ya juya ya tafi. Tsoronsa kada a tsare shi da tambayoyi bakinsa ya ƙi ba shi haɗin kai.

Liti bai kai magariba ba.

Washegari da safe aka yi jana'izarsa. Malam ya je da kumburarren baki, yana dafe da haƙarƙari. Sulle da wasu suna hannun hukuma, shi ma Malam an ce ya dawo ya ba da bayani, kuma ya ce zai faɗi komai, har da marin farko. A ƙofar gidan yana jin kukan Rekiya daga ciki. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya kore shi. Sai dai da ya shiga sahu, na damansa da na hagunsa suka ɗan matsa.

Daga maƙabarta ya wuce asibiti. Ya tarar Hamma ya farfaɗo, an jingina shi da matashi ana ba shi ruwa a cokali. Da ya ga yayansa ya yi ƙoƙarin murmushi. Ya tambayi me ya sami bakinsa, Malam ya ce faɗuwa ya yi.

Hamma ya ce ya matso. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce yana cikin kwatar nan yana jin motoci suna wucewa a sama, ya kasa ɗaga hannu, ya riga ya yi shahada. Sai ya ji an kira sunansa.

"Yaya, Liti ne. Shi kaɗai ya ciro ni, ya goya ni. Duk hanya magana yake yi mini don kada in yi barci. Yana cewa, riƙe ni Hamma, kada ka mutu a hannuna, me zan ce wa Malam?"

Malam ya kama ƙarfen gadon.

"Don Allah Yaya, ka je da kanka ka yi masa godiya. Na san ba ka cika kula shi ba, amma yana ganin girmanka ƙwarai. In ka je da kanka zai ji daɗi."

Hamma ya dube shi, ya dubi jar ƙasar da ta ɓata masa gwiwoyin wando da hannun riga.

"Daga maƙabarta kake? Allah ya jiƙan musulmi. Yaya, wa ya rasu?"

Darasi: Ganin sawun mutum a wurin da aka yi ɓarna ba ya nufin shi ya yi ta. Ka tambayi yaushe ya je, daga ina ya fito, ina ya nufa, kuma ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Ilimin da girman kai ya hau kansa yana iya kashe rai, kuma taron da ka zuga da bakinka ba lallai ya tsaya ba idan ka ce ya tsaya. Wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma, kada a ɗauki doka a hannu. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila ya sa wani ya dakata kafin ya nuna ɗan uwansa da yatsa.